Masu Hawan Raƙuman Ruwa a Tsibiran Indunusiya

Ina gaida makiyayi a mashekari, ina gaida falke a tasha, da wanda yake zaune bakin iyaka yana jiran ƴan duwan su gama duba kaya. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Zancenmu na yau ya taso ne daga tambayar wani mai saurarenmu da ke fataucin albasa tsakanin Galmi da Illela. Ya ce yaronsa ya nuna masa wani hoto a waya: mutum tsaye bisa allo a cikin teku, ruwa ya taso ya fi soro tsawo, ya naɗe shi kamar tabarma, can sai ga shi ya ɓullo ta ɗaya bakin yana ɗaga hannu. Alhaji ya ce abu biyu yake so ya sani. Ina ne wannan wuri? Kuma me mutumin yake samu? To Alhaji, gyara zama, kai ma mai karatu ka matso kusa, domin amsar ta biyu ta shafe ka fiye da yadda kake zato.

Mu fara da wasan kansa. Bahaushe da ya ga ruwa yana tasowa yana tozo, sai ya kira shi raƙumin ruwa, wani ya ce taguwar ruwa. To waɗannan mutane, hawan wannan raƙumi ne sha'awarsu. Mutum zai kwanta rub da ciki bisa wani allo marar nauyi wanda tsawonsa ya kai na mutum ko ya ɗan fi, ya yi ta tuƙi da hannu har ya kai inda ruwa ke tasowa. Sai ya zauna ya jira. Da raƙumin ya taho, sai ya juya, ya yi sauri ya miƙe tsaye, ruwan ya ɗauke shi a guje. Hawan duka bai cika wuce ƴan daƙiƙoƙi ba. Sai ya sake komawa ya jira wani. Akwai ƙalilan da suka mai da abin sana'a, har an shigar da shi wasannin Olamfik da aka yi a Tokyo a 2021, inda wani matashi mai suna Rio Waida ya wakilci Indunusiya. Amma mafi yawansu ba su samun ko dala. Kashewa suke yi. Saboda haka tambayar ɗan kasuwa ta gaskiya ita ce: kuɗin da suke kashewa, aljihun wa yake faɗawa?

Wuraren da ake wannan wasa suna da yawa a duniya, amma Indunusiya tana sahun gaba. Ƙasa ce ta tsibirai sama da 17,000, a jere kamar carbi, daga gabas zuwa yamma kusan kilomita 5,000. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 270, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Ka san su ko ba ka taɓa zuwa ba. In ka sauke farali, ka gan su a Makka suna tafiya ayari-ayari cikin tsari. Taliyar Indomie da yara ke so, asalinta daga can ne. Atamfar da Hajiya ke saro wa, salon rininta ya samo tushe daga zanen kakin zuma na mutanen tsibirin Jawa, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo mana. Har yau ƴan kasuwar Afirka ta Yamma suna zuwa kasuwar Tanah Abang a Jakarta sayen tufafi. Ka ga ashe ba baƙi ba ne.

To me ya sa raƙuman ruwansu suka fi na wasu? Dalili yana can kudu mai nisa. Daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da muke cikin damina, ƙarshen kudancin Tekun Indiya yana cikin hunturu mai tsanani da guguwa. Guguwar nan ita ke tura ruwa. Motsin ya kama hanya ya yi kwanaki yana tafiya, dubban kilomita, ba tudu ba gari da zai tare shi, har ya iso gaɓar kudu da ta yamma ta tsibiran nan. A nan sai ya ci karo da duwatsun murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa marar zurfi. Ƙasan ruwan ya dakata, samansa ya ci gaba, sai ya miƙe ya naɗe. A daidai wannan lokaci su kuma suna cikin rani, iska tana busowa daga kudu maso gabas, a wurare da yawa daga tudu zuwa teku, tana riƙe fuskar ruwan ta yi sumul. In daminarsu ta kama, daga Nuwamba zuwa Maris, iskar ta juya, sai masu hawa su ma su juya zuwa gaɓar gabas.

Malam makiyayi, wannan bai yi maka kama da wani abu ba? Kai ma kana duban iska da hadari, ka san watan da za ka yi arewa da wanda za ka gangaro fadama. Su ma haka. Suna duban wata, don shi ke nuna lokacin cikar teku da janyewarta. Har garsonsu gare su, sai dai nasu a waya yake, yana gaya musu guguwa ta tashi a wuri kaza, ruwanta zai iso ranar kaza.

Matafiyan nan kashi biyu ne. Akwai mai kuɗi. Shi tun daga ƙasarsu yake biyan wani kamfani, a ɗauke shi daga filin jirgi a sa shi cikin jirgin ruwa na shata mai ɗakin kwana da mai dafa abinci, ya yi kwana goma yana zagaya tsibiran Mentawai, ya koma gida ƙafarsa ba ta taka kasuwar ƙauye ba. Sai kuma mai ƙaramin guzuri, wanda shi ne zancenmu. Galibi matashi ne daga Ostareliya ko Turai ko Barazil, ya yi watanni yana aikin gini ko wankin kwanuka yana tara ƴan kuɗi, kamar dai ɗan cin rani. Burinsa ɗaya: kuɗin nan su kai shi wata biyu ko uku. Duk abin da ya rage yau, kwana guda ne ya ƙara a cikin ruwa.

Ga yadda yake bi. Yana sauka a tsibirin Bali. Tun watan Fabrairun 2024 baƙo yana biyan harajin shiga na rupiya 150,000. Kada adadin ya firgita ka, kuɗinsu ba nauyi: jika guda ta sefa takan kai rupiya 25,000 ko sama da haka, gwargwadon canjin ranar. Abu na farko da yake nema shi ne babur na haya. In na wata guda ya ɗauka, ya fi sauƙi bisa na kwana-kwana, kai ma ka san sari ya fi sayen ɗai-ɗai. Masu walda sun riga sun liƙa wa babur ɗin ƙugiyoyi biyu na ƙarfe a gefe, inda ake rataya allon. Ya ɗaura jakarsa a baya, ya kama hanya ta hannun hagu, don can ta hagu ake tuƙi.

Daga tashar Padangbai yake shiga jirgin fito zuwa Lembar a tsibirin Lombok. Akwai ƙananan jirage masu gudu, amma tsada gare su kuma ba su ɗaukar babur. Shi babban nan yake shiga, na manyan motoci da talakawa, wanda ke tashi dare da rana, awa huɗu zuwa biyar bisa ruwa. In ya shiga na dare, ya shimfiɗa zane a daɓe, ya huta da kuɗin ɗaki. Ya ratsa Lombok, tsibirin da ake wa kirari da mai masallatai dubu, ya sake shiga wani fiton daga Kayangan zuwa Poto Tano a tsibirin Sumbawa, kamar awa biyu. Daga nan ko ya yi kudu wajen Maluk, ko ya yini cur bisa babur zuwa Hu'u a yankin Dompu, inda raƙumin ruwan Lakey yake. Mai sauran ƙarfi da guzuri ya kai tashar Sape a gabas, ya jira jirgin Sumba. Na ce ya jira, don in teku ta yi fushi jirgi ba ya tashi, sai a kwana a tasha. Wannan kam ba sai na yi wa falke bayani ba.

A cikin jiragen fiton nan, wa kake tsammani yake haɗuwa da shi? Abokan sana'arka. In babbar salla ta ƙarato, manyan motoci shaƙe da shanu suna tasowa daga Bima, su tsallake fito bayan fito har Jakarta, tafiyar kwanaki. Masu dabba suna kwana gefen motocinsu a tasha, suna neman ruwa da ciyawa, suna fargabar kada sa ya rame kafin ya kai kasuwa. Wahalar da ka sani tsakanin nan da kudu, ita ce dai, sai dai su iyakarsu ruwa ce.

Batun ci da kwana kuwa, a nan ne dabarar take. Ba ya shiga gidan abincin Turawa. Ƴar rumfar bakin hanya yake zuwa, wadda suke kira warung, ya ci soyayyar shinkafa da ƙwai, ko shinkafa da kifi da ganye, kuɗin bai cika kai jika guda ba. Kwana kuma a gidan mutane, ɗaki mai katifa da fanka da sange, suna kiransa losmen. Mai gidan nan shi ne fatoma. Shi zai gaya maka wane mai kwale-kwale ne mai gaskiya, ina ake gyaran allo in ya tsage, wace hanya ce ba a bi da dare. Shi zai ajiye maka fasfo da kuɗi. In ka daɗe, ya rage maka kuɗin ɗaki. In ka yi masa rashin kunya, kafin ka isa ƙauye na gaba labarinka ya riga ka.

To Alhaji, ga amsar tambayarka. Kuɗin mai jirgin shata suna da yawa, amma kaso mai tsoka yana tsayawa a hannun kamfani, wani lokaci ma a wata ƙasa. Abin ya dami mutanen Mentawai har hukumarsu ta ɗora wa kowane baƙo mai hawan ruwa haraji na musamman tun daga 2016. Kuɗin mai ƙaramin guzuri kaɗan ne, amma dubi inda suke sauka: hannun mai tuyar shinkafa, ɗan kabu-kabu, mai sayar da fetur a kwalba, mai faci, mai wanki, masuncin da ya kai shi da kwale-kwale. Yayyafi ne, amma a gonar talaka yake zuba.

Sai dai zancen bai ƙare a nan ba, kuma wannan ɓangaren nake so makiyayi ya saurara da kyau. Mai ƙaramin guzuri shi ke buɗe hanya, amma ba shi ke cin kasuwar ba. A kudancin Bali akwai wani yanki mai duwatsu da ƙarancin ruwa, Uluwatu. A da, talakawa ne ke kiwon ƴan shanunsu a can, jajaye marasa tozo, ƙafafunsu farare kamar an sa musu safa. A 1971 wasu baƙi suka gangara ta wani kogo suka hau raƙuman ruwan wurin, aka ɗauki hotonsu, aka nuna a fim. Matasa suka fara zuwa. Mutanen ƙauye suka riƙa ɗaukar musu allo suna sayar musu da abinci, aka ɗan ji daɗi. Sannan masu manyan kuɗi suka biyo sawu. Dutsen da ba ya fitar da hatsi ya zama zinariya. Wanda ya sayar tun farko da araha, jikansa yau yana gadi ko shara a otal ɗin da aka gina bisa filin kakansa. Wanda ya riƙe nasa ya gina ƴan ɗakuna, ko ya ba da haya ta shekaru, shi ne ya tsira da abinsa.

Yanzu abin ya matsa gabas, ƙasar makiyaya. Sumbawa da Sumba ba irin dajin nan ne mai duhu ba. Fili ne na ciyawa mai dogon rani, in ka ga hotonsa cikin bazara za ka rantse Damargu ce. A Sumbawa suna da makiyayar al'umma da suke kira lar, inda ake sakin shanu da dawaki da ɓaunan gida. A Sumba akwai fararen shanu masu tozo, irin Ongole da Turawan Holan suka kawo daga Indiya a farkon ƙarnin da ya wuce, kai ka ce farfarunmu ne. Dukiyar aure ma da dawaki da ɓauna ake biya. To irin wannan fili na bakin teku, wanda ba shinge ba takarda, shi masu otal suke so.

A Sumba akwai wani otal mai tsadar gaske, Nihi, wanda ya taƙaita yawan masu hawan raƙumin ruwan da ke gabansa zuwa ƴan ƙalilan a rana. Ka ji fa, har ruwan teku an yi masa ƙofa. A watan Afrilun 2018, a gaɓar Marosi ta yammacin Sumba, jama'a suka fito suna ƙin awon wani fili da wani kamfani ke da'awar nasa ne, jami'an tsaro na rakiyar masu awo, aka yi harbi, wani mutumin ƙauyen ya rasa ransa. A Mandalika ta kudancin Lombok, inda aka gina filin tseren babura da ya karɓi gasar duniya a 2022, masana haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi kuka tun 2021 cewa an tashi manoma da masunta ba tare da diyyar da ta dace ba. Gwamnatin ƙasar ta musanta, amma maganar ta daɗe ana yin ta.

Ɗan'uwa, mu ba mu da teku, amma muna da kwalta da sabuwar kasuwa da tashar manyan motoci. Duk ranar da hanya ta ratsa wani fako, ranar fakon yake yin daraja, kuma wanda ya fara sani ba makiyayi ba ne. Burtali da mashaya da ba a shata ba, ba a rubuta ba, ana iya wayar gari a tarar da su cikin shinge. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ku je wurin ardo da hakimi da hukumar filaye tun ana zaman lafiya, a kafa alama, a rubuta.

Mu koma cikin ruwa. Ko a can akwai ladabi, kuma ladabin rijiya ne. Wanda ya fi kusa da inda ruwa ya fara karyewa, raƙumin nasa ne, ba a shiga gabansa. Ɗan gari kuma ana ba shi girmansa. Baƙon da ya zo yau ya fara ture mutane, zai fito ya tarar an sace wa babur ɗinsa iska.

Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne. Murjani yana yanka kamar aska, har akwai wani wuri a yammacin Sumbawa da suka laƙaba wa sunan da ke nufin dutsen tabo. Rauninsa in ba a wanke da kyau ba, ruɓewa yake cikin zafin ƙasar. Faɗuwar babur tana raunata da yawa. Zazzaɓin cizon sauro yana nan a Sumba da Mentawai. Babban asibiti kuma yana iya zama tafiyar yini ko fiye. Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke rage kuɗin ɗaki da na abinci, amma ba su taɓa na inshorar lafiya da na komawa gida. Tsimi daban, ganganci daban. Kai ma kana iya kwana ƙarƙashin mota, amma ba ka fita da taya mai ciwo.

Sai babbar musiba, girgizar ƙasa da ambaliyar teku. Ranar 26 ga Disamban 2004, teku ta hau tudu a lardin Aceh ta kashe sama da mutum 160,000. Amma a tsibirin Simeulue, wanda yake dab da inda girgizar ta tashi, cikin mutane sama da 70,000, bakwai kacal aka ruwaito sun rasu. Me ya cece su bayan ikon Allah? Maganar kakanni. Irin wannan ta taɓa faɗa musu a 1907, sai tsofaffi suka riƙa gaya wa yara cikin hira da waƙar reno: in ƙasa ta girgiza, ka ga teku ta ja da baya, kada ka tsaya tsintar kifi, ka hau tudu. Suna kiran abin smong. Da ranar ta zo, kowa ya ruga tudu. Abin da tsoho ya gaya maka game da kwarin da ba a kwana a cikinsa da dabba lokacin damina, ka riƙe shi, ka kuma gaya wa ɗanka.

Daga ƙarshe, ga wanda yake tunanin zuwa can don kasuwanci. Matasan nan da muke zance, yawancinsu a filin jirgi ake ba su bizar kwana 30 a kan rupiya 500,000, su sabunta ta sau ɗaya. Mai fasfon Nijar ko Najeriya ko Kamaru ba ya samun wannan sauƙi, sai ya nemi biza tun kafin ya tashi. Wanda ya wuce wa'adinsa, tarar rupiya miliyan guda ce a kowace rana. Sannan, don Allah, kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba. A 2004 an kama wata ƴar Ostareliya a filin jirgin Bali da tabar wiwi sama da kilo huɗu cikin jakar allonta, ta ce ba ta san da ita ba, kotu ta yanke mata shekara 20. Dokarsu kan miyagun ƙwayoyi tana kaiwa har ga kisa, kuma a 2015 da 2016 an zartar da shi a kan wasu, har da ƴan Najeriya. Wannan gargaɗi bai tsaya a Jakarta ba. Ya shafi Kwanni da Ɗan Isa da Gaya, da duk inda wani zai ce maka riƙe mini wannan ƙunshi ka ba wane.

To Alhaji mai albasa, ka ji wurin, ka kuma ji ribar. Shi mai hawa daɗi ya saya. Mai rumfa da mai ɗaki sun samu na cefane. Babbar riba kuwa tana hannun wanda takardar fili ke aljihunsa. Ka gaida yaron da ya nuna maka hoton.

Mai tambaya ya aiko mana kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara wa garke albarka, ya kawo kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya. Ku huta lafiya.